Manyan taurarin samaniyarmu: sunayensu, rukuninsu, da inda za ka same su daga Abuja zuwa Ikko

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin mutanenmu mazauna Legas, Badun, Anaca da Fatakwal, wai samaniyar kudu ba ta da taurari. Tana da su mana. Su ne dai waɗanda aka baro a Kano da Sakkwato, abin da ya shiga tsakani gajimare ne da hayaƙin janareta da fitilun gari. Ƙananan kam sun ɓuya, sai an fita bayan gari. Amma manyan, su ashirin da ɗaya, suna huda hasken birni, kuma mai gadi a Agege ko mai shayi a Sabon Badun yana ganinsu a kowane dare mai sarari, ko da bai san sunansu ba.

Allah ya ajiye mu a wuri mai kyau wajen kallon sama. Abuja, inda nake zaune, tana digiri 9 ne arewa da layin tsakiyar duniya, Kano 12, Legas 6 da rabi, Fatakwal kusan 5. Wanda ke kusa da wannan layi yana ganin taurarin arewa da na kudu gaba ɗaya, shi ya sa duk ashirin da ɗayan nan suna fito mana cikin shekara. Mutumin Landan, cikin taurari uku mafi haske, ɗaya kawai yake gani, sauran biyun ba sa taɓa leƙo masa.

Zan rubuta sunayen Turawa yadda za ka gan su a manhajar waya irin Stellarium, tare da sunayen da malamanmu da manomanmu suka sani.

Zara ba ta cikin lissafin

Mu fara cire wadda ke rikita mutane. Abu mafi haske da dare bayan wata ita ce Zara, wadda muke kira matar wata in ta fito da magariba a yamma, muke kira Gamzaki in ta fito da asuba a gabas. Abu ɗaya ne, Larabawa na ce mata Zuhura, Turawa Venus. Ba tauraro ba ce a ma'anar masu ilmin falaki, duniya ce irin tamu da ke zagaya rana, hasken rana take maido mana. Ba ta nisa da rana fiye da digiri 47, don haka ba za ka taɓa ganinta tsakar ka da tsakar dare ba. In ka ga mai haske sosai a wannan lokaci, galibi Mushtari ne. Alamar rarrabewa mai sauƙi ce: tauraro na ƙyaftawa, duniyoyi kuwa haskensu a tsaye yake. Sannan su duniyoyi yawo suke daga wannan rukuni zuwa wancan, taurari kuma kowa na nan inda kakanninmu suka bar shi. Wanda ke tafiya a hankali ba ƙyaftawa ya ratsa sama cikin 'yan mintuna, wannan tauraron ɗan Adam ne.

Rukunin taurari shi ne gungun da ido ke haɗawa ya ga siffa, ta kunama ko ta zaki ko ta maharbi. A 1922 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta tsayar da rukuni 88, aka shata iyakokinsu a 1930. Ma'aunin haske kuwa a juye yake kamar matsayin ɗalibai a aji: na 1 ya fi na 2, na 6 shi ne ƙarshen abin da ido ke gani a daji, kuma na 1 ya ninka na 6 sau 100. Waɗanda suka fi na 1 sai a ba su sifiri, ko ma ƙasa da sifiri. Nisa ana auna shi da tafiyar da haske ke yi a shekara, kimanin kilomita tiriliyan 9 da rabi.

Daren rani, lokacin da sama ta fi cika

Daga Disamba zuwa Maris manyan taurari suka fi taruwa wuri guda, kuma mabuɗinsu taurari uku ne a jere, tazararsu ɗaya, kamar duwatsun dara a layi. Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida ya san su. Su ne ɗamarar rukunin da Larabawa ke kira Jauza'u, Turawa Orion. A tsakiyar Disamba suna fitowa da magariba, su iso tsakar ka wajen sha biyu da rabi. Abin da ya kamata a riƙe game da su: daidai gabas suke fitowa, daidai yamma suke faɗuwa, ko kana Sakkwato ko kana Kalaba.

A gefe ɗaya na ɗamarar akwai fari mai ɗan shuɗi, Rigel, daga kalmar Larabci mai nufin ƙafa. Shi ne na bakwai a haske, nisansa kimanin shekarar haske 860. A ɗaya gefen akwai ja, Betelgeuse, ƙaton tsohon tauraro wanda haskensa ke hawa da sauka. A ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 ya dusashe har aka yi ta rubuta cewa ya kusa fashewa, daga baya aka gane ƙura ce da ya fitar ta tare shi. 'Yan uwa na Badun, wannan naku ne: Betelgeuse yana bi daidai ta tsakar kan Badun, wajen goma na dare a farkon Fabrairu.

Yanzu bi layin ɗamarar nan da ido. In suna tasowa daga gabas, ka gangara ƙasa, za ka ci karo da tauraro mafi haske a duk samaniyar dare. Shi ne Shi'ira, wanda aka ambata da suna a Suratun Najmi aya ta 49, Turawa na ce masa Sirius, rukuninsa Babban Kare. Ma'auninsa 1.46 ƙasa da sifiri, ya kusa ninka mai bi masa sau biyu. In yana ƙasa-ƙasa sai ka ga yana walƙiya ja, kore, shuɗi, har wasu su ɗauka jirgi ne zai sauka. Iskar da haskensa ke ratsowa ce ke wasa da shi. Mutanen Masar na dā suna gane ambaliyar Kogin Nilu ta kusa in ya fara fitowa da asuba.

Sai dai Shi'ira ba ƙarfi ya fi sauran ba, kusa ya fi su. Shekarar haske 8.6 ce kawai tsakaninmu da shi, kuma ya ninka ranarmu haske sau 25. Ka gwada shi da na biyu, Suhailu, wato Canopus. In Shi'ira ya kai ƙololuwarsa, wajen tara da rabi zuwa goma na dare a tsakiyar Fabrairu, fuskanci kudu ka sauko da ido ƙasa da shi, za ka ga wani fari shi kaɗai. Suhailu ya ninka rana sau dubu goma, amma yana can nesa, shekarar haske 310. Hasken da ke shiga idonka yau ya baro shi tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Shi'ira fitilar ƙwai ce a bakin ƙofa, Suhailu fitilar filin wasa ce da ake hangowa daga wani gari. A Kano yana tashi digiri 25 sama da ƙasa, a Abuja 28, a Legas 31. Ƙirjin hannu a dunƙule, in ka miƙe hannun sosai, yana rufe kimanin digiri 10, to da shi za ka auna.

Akwai wasu a wannan fage da zan ambata a gurguje. Procyon, na takwas, yana haɗuwa da Shi'ira da Betelgeuse su yi kusurwa uku, kuma yana bi ta tsakar kan Aba da kewayenta. Capella, na shida, mai ruwan ɗorawa, yana can arewa da Jauza'u. Tagwayen nan biyu, Castor da Pollux, su ne manoma ke kira Zira'a.

Kaza da 'ya'yanta, da maganar alƙibla

Koma kan ɗamarar, wannan karon ka bi layin sama. Za ka fara tarar da ja-ja-ja guda a bakin wata siffa kamar bakin kibiya. Dabaran ke nan, Turawa suka ari sunan suka ce Aldebaran, ma'anarsa mai bin baya, don kullum yana bin Kaza. Nisansa shekarar haske 65, ka ce hasken da muke gani yanzu ya taso ne wajen lokacin da Najeriya ta samu mulkin kai. Wuce shi kaɗan, ga Kaza da 'ya'yanta, Suraiya a bakin malamai, Pleiades a manhaja. Ba ta cikin manyan ashirin da ɗaya, amma ban san tauraron da Bahaushe ya fi sani kamarta ba. Ido mai lafiya na ƙirga shida ko bakwai, da madubin hangen nesa kuwa ɗaruruwa ne. Makanikai su duba tambarin motar Subaru, ita ce a jiki, sunanta ke nan da Japananci.

Ga abin da ya sa na daɗe a kanta. Mutanenmu da yawa in sun sauka baƙon wuri, a tasha ko kasuwar shanu ko wurin gini, sai su fuskanci mafitar rana su tayar da salla. Alƙiblarmu ba gabas sak take ba, ta karkata arewa. In aka auna daga arewa zuwa dama, a Abuja digiri 65 ce, a Legas 63, a Kano 68, a Fatakwal 59. Gabas sak kuwa 90 ce. Ka ga akwai tazarar dunƙule biyu da rabi, a Fatakwal ma uku. Mafitar rana ita ma ba ta zama wuri guda, a Disamba takan koma kudu da gabas da fiye da digiri 23, to wanda ya bi ta a lokacin ya kauce da kusan digiri 50.

Kaza kuwa tana fitowa ne a digiri 65 zuwa 66 a duk faɗin ƙasar nan, kowane dare, kowace shekara. A Abuja mafitarta ita ce alƙibla, bambancin bai wuce digiri ɗaya ba. A Legas da Badun ka ɗan karkata hagu kaɗan, a Fatakwal ka karkata hagu da rabin dunƙule. Kuma da yake taurari a wajenmu kusan miƙe suke tashi, tana nan kan wannan saiti har ta hau dunƙule uku. A tsakiyar Oktoba tana fitowa wajen takwas da rabi na dare, a ƙarshen Nuwamba da magariba, a Yuli kafin asuba. Ka lura da ita sau ɗaya, ka riƙe bishiya ko ginin da ta fito ta kansa, shi ke nan ka samu alama ta shekara. In Kaza ta riga ta yi sama amma ɗamarar Jauza'u na fitowa, fuskanci ɗamarar ka ƙirga dunƙule biyu da rabi zuwa hagu. Ban ce a jefar da manhajar alƙibla ba, amma waya na mutuwa, kuma allurarta na rikicewa kusa da ƙarfe, cikin tirela ko rumfar kwano.

Abin da mai zuwa kudu ya rasa, da abin da ya samu

Tauraron arewa, Polaris, wanda ba ya motsi daga wurinsa, ba shi da wani haske, yana wajen na arba'in da takwas. Tsayinsa sama da ƙasa daidai yake da nisan garinku daga tsakiyar duniya: digiri 13 a Sakkwato, 9 a Abuja, 6 da rabi a Legas, 5 a Fatakwal. Ni a nan Abuja sai daren da babu hazo kuma babu dutse a gabana nake samunsa. A Legas kuwa, tsakanin benaye da tururin teku, ka ɗauka babu shi. Mai son gwadawa ya nemi taurari bakwai masu siffar ludayi a arewa, daga Maris zuwa Yuni bayan isha'i, waɗanda Larabawa ke kira Banatu Na'ashi. Biyun da ke bakin ludayin suna nuna shi, ka ninka tazararsu sau biyar.

Abin da kudu ta ba ka a madadinsa ya fi kyan gani. Taurari huɗu ne masu siffar gicciye, rukunin Crux, mafi ƙanƙanta cikin 88 ɗin, su ne a tutar Ostireliya. Biyu daga cikinsu, Acrux da Mimosa, suna cikin manya. In gicciyen ya tsaya a miƙe, ƙafarsa na nuna kudu sak. Yana tsayuwa haka wajen tara da rabi na dare a tsakiyar Mayu, amma lokacin gajimare ya rufe Kurmi, don haka na fi ba da shawarar Janairu: in ka fito sallar asuba wajen biyar da rabi, dubi kudu, dunƙule biyu sama da ƙasa. A hagunsa akwai manya biyu a jere. Na nesa da gicciyen, wanda ya fi haske, shi ne Alpha Centauri, na uku a duk sama, kuma maƙwabcinmu na kusa, shekarar haske 4.4. Da madubi za ka ga ashe biyu ne suke zagaya juna. Hattara da wani gicciyen na bogi da ke tsakanin wannan da Suhailu, ya fi girma, bai kai haske ba, kuma ba shi da 'yan rakiyar nan biyu.

Na bazara, damina da kaka

Waɗannan sai an yi sa'ar dare mai sarari, amma in ruwa ya ɗauke ya wanke sama, sun fi na rani fitowa tas. Bi lanƙwasar mariƙin ludayin nan, za ka isa ga wani mai ruwan lemo, Arcturus, na huɗu a haske, shekarar haske 37. Ci gaba da lanƙwasar, ga fari, Spica. Larabawa duka biyun Simaku suke ce musu, na biyun shi ne Simak na lissafin manoma. Kafin su akwai Regulus a rukunin Zaki, yana cikin taurarin Jabha, kuma ta tsakar kan Kano yake bi. Mai kewar gida ya neme shi wajen goma na dare a farkon Afrilu, daga Legas zai gan shi rabin dunƙule arewa da tsakar ka.

A Yuli, kudu, akwai rukunin da ba ya buƙatar a yi maka bayani, Kunama, da ƙarinta a lanƙwashe. Jan da ke ƙirjinta shi ne Ƙalbu, wato Antares, biyun da ke bakin ƙarin su ne Shaula. Kunama na fitowa Jauza'u na faɗuwa, ba sa zama sama tare. Daga Agusta zuwa Oktoba kuma manya uku ne ke yin babbar kusurwa uku: Vega, na biyar a haske, da Deneb, da Altair. Altair namu ne na Abuja, yana ratsa tsakar kanmu wajen tara saura kwata a tsakiyar Satumba. In kaka ta yi, kudu takan zama fayau sai biyu, Fomalhaut a sama, Achernar a ƙasa.

Da yawa daga cikin sunayen nan Larabci ne da ya lanƙwashe a bakin Turawa. Altair mai tashi, Deneb wutsiya, Fomalhaut bakin kifi, Achernar ƙarshen kogi. Littafin da Abdurrahman as-Sufi ya rubuta kan taurari wajen shekarar 964 na cikin hanyoyin da suka bi. Wannan ilmin hisabi ne da gane hanya da lokaci. Mai cewa tauraronka ya nuna za ka yi arziki ko aurenka zai mutu, wannan duba ne, sana'arsa daban.

Kowane tauraro yana riga jiya fitowa da minti huɗu, wato awa biyu a wata. Da wannan za ka gyara duk lokutan da na bayar: abin da ka gani ƙarfe goma yau, bayan wata guda ƙarfe takwas zai kasance a wurin. Lokutan na Abuja ne, mutanen Legas da Badun su ƙara kimanin kwata. Daren da babu farin wata ya fi, kuma a ba ido minti ashirin ba kallon waya. A nan gefen Kuje, Kwali da Bwari sama ta fi ta cikin gari duhu, amma ban ce kowa ya shiga daji da dare ba, an san halin da ake ciki. Saman bene a daren da aka ɗauke wuta ya wadatar. Masu yara 'yan makaranta su sani hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana Lugbe kan hanyar filin jirgi, cibiyarta ta falaki kuma tana Nsukka.

Lissafin manoma da ɗan ci-rani

Sunayen da na yi ta ambata, Suraiya, Dabaran, Zira'a, Jabha, Simak, Ƙalbu, Shaula, suna cikin masaukai 28 da malamai da tsofaffin manoma ke lissafin shekara da su. Kowanne kwana 13, Jabha 14, jimla 365. Bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. In ka ji an ce tauraro kaza ya shiga, kada ka fita bayan isha'i nemansa, a lokacin yana can kusa da rana, sai dai a hango shi daf da fitowar alfijir. Haƙa'a, wadda ke buɗe damina, ƙananan taurari uku ne a kan Jauza'u, rukunin da muka sha kallo da rani.

Wannan lissafi da ruwan ƙasar Hausa aka gwada shi, ba da na Kurmi ba. A Fatakwal da Legas ruwa ya sauka tun Maris, a Abuja Afrilu, alhali a lissafin ana tsakiyar bazara. Wanda ya ɗauki gona a Ogun ko Edo ya bi ruwan wurin da manoman wurin. Amma ɗan ci-rani da gonarsa ke Katsina ko Jigawa, ruwan da ke dukan rumfarsa a Mile 12 ba ya gaya masa komai game da gida, Kaza ce ke gaya masa. In ta yi ƙasa a yamma bayan magariba har ta ɓace, ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin sharar gona ne da aika kuɗin taki. Takan yi kusan kwana arba'in ba a ganinta. In ta sake leƙowa a gabas kafin alfijir, wajen tsakiyar Yuni, a yawancin shekaru shuka ta kankama a Kano da Katsina, wanda bai hau mota ba sai dai ya tarar da noman farko.